Shekarar da Ruwa Ya Wuce Sarar Kaka

Na san abin da kuke faɗa wa 'ya'yanku a kan rasuwar Gwaggonku Hure. Kuna cewa taurin kanta ne ya mayar da ita ɗakin ƙasa, an yi an yi da ita ta ƙi fita, har ɗakin ya rufta da ita. Na sha jin wannan magana a tsakar gidana, wani lokacin ma ina gefe ina alwala, ban taɓa buɗe baki na gyara ba, domin shirun ya fi mini sauƙi. To yanzu gwiwa ta ƙi, ido ya fara hazo, ba na so in je in iske yayata na bar wannan ƙarya a bayana. Taurin kai kam tana da shi, duk gidanmu gadonsa muka yi, ku ma ba ku tsira ba. Amma ba shi ya zaunar da ita a ɗakin nan ba. Tambayata ta yi, na ba ta amsa, kuma amsar ce zan rubuta muku.

Ku da kuka tashi a gidan bulo, kududdufi a wurinku wurin shara ne da sauro. Mu magina da shi muke ci. Daga cikinsa ake haƙo ƙasar da ake buga tubali, in damina ta zo kuma shi ke shanye ruwan da indararon gidajen ya zubo. Bayan gidanmu na gado a Ƙofar Kwaya akwai babba guda, da wata tsohuwar tsamiya a bakinsa. Al'adar gidanmu ita ce, duk shekarar da ruwa ya yi cikar da ba a saba gani ba, in ya janye, babban magini zai ɗauki gizago ya je ya yi sara a jikin tsamiyar daidai inda ruwan ya tsaya. Sara ta kai goma sha wani abu a jikinta, wasu har sun fara haɗewa. Wadda ta fi duka tsayi kakana ne ya yi ta tun Baba bai zo duniya ba, daidai gwiwata take, ita muke kira sarar Kaka. Duk ɗakin da za mu gina a unguwar, sai mun ja ma'auni daga wannan sara, mu ɗaga harsashin dutse kamu guda sama da ita, sannan a ɗora tubali. Ƙasa ba ta tsoron ruwan sama in an yi mata yaɓe mai kyau. Abin da take tsoro shi ne ruwa ya kwanta a gindinta.

Ranar da Baba ya fara miƙa mini igiyar awo, ya kama kunnena, ba da wasa ba, ya ce:

"In za ka yi gini, kar ka tambayi mai gida, kar ka tambayi mai unguwa. Tahi ka tambayi tsamiya. Ita ba ta mantuwa kuma ba ta ƙarya."

Da wannan na yi aiki har gemuna ya yi fari, kuma ko katangar bayan gida ba ta taɓa faɗuwa a hannuna ba. Ina faɗin haka ne don ku san irin girman kan da nake ɗauke da shi, ba don ku yaba mini ba.

Mutum ɗaya ne a unguwar yake yi wa tsamiyar nan kallon itace kawai, shi ne maƙwabcinmu Malam Bitrus. Manyanku sun san shi, sun ci shinkafar Kirsimetin matarsa har sun gaji. Mutumin Kudancin Kaduna ne, aikin gwamnati ya kawo shi Katsina, aikin nan kuwa auna ruwan sama da zafin rana. Ya yi ritaya amma aikin bai sake shi ba. Ya kafa sanda a tsakar gidansa ya ɗora gwangwani a kai, duk safiyar da aka yi ruwa sai ya tsoma abin awo ya rubuta a wani littafi. Ni ina ce masa Mai Gwangwani, shi yana ce mini Injiniya. Kusan kullum bayan la'asar muna tare a benci ƙofar zaurena, shi da rediyonsa, ni da goro, muna musun da ba ya ƙarewa.

Bazarar shekarar da nake ba ku labari ba ta yi kama da kowace bazara da na sani ba. Na haifu a garin nan, na san zafi, amma wannan wani abu ne daban. Ƙyauren ƙarfe ba ya taɓuwa tun hantsi. Ruwan randa sai ka ce an ɗora shi a murhu. Na ga tsuntsu ya faɗo daga kan katanga da bakinsa a buɗe, na zuba masa ruwa bai tashi ba. Wuta kuwa babu, fanka ta zama ado. Abin da ya fi tsorata mu shi ne tsofaffi, da safe a yi jana'iza, da la'asar a yi wata, in ka tambaya a ce ba ciwon komai, zafi ne kawai. Yaya Hure a lokacin tana ɗakin bulo mai rufin kwano da muka gina mata bayan rasuwar mijinta. Ta girme ni da shekara tara, ita ta goye ni, kuma har na yi jikoki ba ta daina yi mini magana kamar yaron da ya ɓarar da fura ba. Wata rana da azahar mahaifiyarku ta leƙa ta iske ta a ƙasa, ta suma kusa da kwandon daddawar da take sayarwa. Da aka yayyafa mata ruwa ta farfaɗo, ni ta fara nema.

"Sani, wanga ba ɗaki ba ne, tanda ce. Gasa ni kuke son yi ku huta? Ka gyara mani soron Inna in koma."

Soron Inna shi ne ɗakin mahaifiyarmu, can ƙarshen gida ta wajen kududdufi, Baba ya gina shi da hannunsa. Tun rasuwarta yake rufe, sai tarkace. Ba zan ɓoye muku ba, da na ji maganar nan daɗi ne ya kama ni, ba tausayi ba. Shekaru ke nan ba mai kirana ginin ƙasa, kowa bulo, kowa siminti, na zama tsohon da ke tsayawa yana kallon yara suna kwaɓa abin da ba su san kansa ba. Ga shi yau zafi ya kori bulo, an dawo wurina. Na tara tsofaffin abokan aiki uku muka shiga. Azara ce ta ba mu wahala, domin dazukan da muke samo giginya a da duk sun zama fili, sai daga nesa aka kawo mana. Na ƙara kaurin ƙasar rufin don ɗakin ya ƙara sanyi, na yi masa yaɓe da makuba, na sa sabon indararo, na sa aka yashe lambatun da ke kai ruwa kududdufi. Sannan na ja tiyon awo daga sarar Kaka har gindin ɗakin. Dutsen ya ɗara ta da kamu guda da yatsa uku.

Ina naɗe tiyon Malam Bitrus ya zagayo, hannu a baya, ya daɗe yana kallon tsamiyar.

"Injiniya, wannan alamar taku, ruwan wace shekara ta auna?"

"Ruwan da ya fi kowane ruwa. Tun kahin a ƙera gwangwaninka."

"Ruwan da can ke nan. Malam Sani, ba wasa nake ba yau. Littafina yana nuna mini abin da ba na so. Ruwan da a da yake sauka cikin wata guda a hankali, yanzu sai ya ƙi zuwa, ya ƙi zuwa, rana ɗaya ya zubo gaba ɗaya. Ga kududdufinku an cike rabinsa an yi gidaje."

"Wasu ma ni na gina su. Na yashe lambatu, mi ya rage?"

"Sama ta rage. Ita ce ta canja."

Na yi dariya har goro ya sarƙe ni. Na ce sama kuma wa ya hau ya canja ta? Bai yi fushi ba, ya zauna a kan tarin tubali ya yi mini bayani da harshen da zan gane. Ya ce hayaƙin manyan masana'antu na ƙasashen duniya, da na motoci da jirage, da janareto da ke kuka a kowane lungu, da iskar gas da ake ƙonawa, duk ba ɓacewa suke ba, taruwa suke a sama shekara da shekaru. Itatuwan da ke shanye shi kuma mun sare, mun yi girki, mun yi gawayi, mun yi azara. Ya ce in ɗauka an yi wa duniya duka rufin kwano, zafi ya shiga ba ya fita. Iska mai zafi kuwa ruwa take kwasa da yawa ta riƙe, ranar da za ta sake shi ba ta sakinsa da hankali.

"Zafin da ya sumar da Yaya da ruwan da nake jin tsoro, abu ɗaya ne," in ji shi. "Ta yi bazara a nan, ba laifi. Damina ta kankama, ku mayar da ita ɗakin bulo."

Na ce masa Turawa sun cika masa kai da rediyo. Na ce ruwa na Allah ne, ba na masu masana'anta ba. Ya ce shi ma bai ce na wani ba ne, amma rijiya ma ta Allah ce, in ka zuba mata guba za ka sha guba. Na tashi na bar shi a zaune.

Ranar da Yaya za ta tare, ta shiga ɗakin ta tsaya a tsaka, ta lumshe ido, sanyin ƙasa ya ratsa ta. Ta ce har ƙanshin Inna tana ji. Sai ta fito ta tsaya a bakin ƙofa tana kallon kududdufin, kwallar kayanta na hannunta ba ta ajiye ba. Mu biyu ne kawai a wurin. Ku karanta wannan da kyau.

"Sani, matar Malam Bitrus ta ce mani mai gidanta bai so in yi damina nan. Kududdufin ga ya matse, ba kamar da ba. Ko in sha sanyina yanzu, in ruwa ya sauka in koma wancan? Ba ni son rigima."

"Haba Yaya. Ruwan da bai wuce sarar Kaka ba tun ba a haifi Baba ba, shi zai wuce ta bana don Mai Gwangwani ya ji rediyo? In ruwa ya taɓa tubalin ɗakin ga, ki ce ba Baba ya haife ni ba. Ko duk unguwa ta nutse, ki hau gadonki ki zauna."

Ta dube ni, wannan matar da ba ta taɓa yarda da maganata a kan ko gishirin miya ba, ta ce:

"To, shi ke nan. Kai ka sani."

Ta ajiye kwallar.

Damina ta yi jinkiri. Manoma suka yi shuka ta ƙone, suka sake, aka fita roƙon ruwa. Ni har tsokanar Malam Bitrus nake, ina tambayarsa ko gizo-gizo ya gama saƙa a gwangwanin. Sai wata Talata, cikin watan da ya kamata a ce marka ake, na tafi Babbar Kasuwa da safe neman ƙusa da igiya. Da hantsi gabas ta yi baƙi irin wanda ban taɓa gani ba, gari ya yi duhu har masu shaguna suna kunna fitilar waya. Ruwan bai fara da yayyafi ba. Zubowa ya yi kawai, kamar an kifar da baho. Muka fake a rumfar wani mai hatsi, ni ne ma mai kwantar wa mutane da hankali, ina cewa irin wannan ba ya daɗewa. Ya daɗe. Na ga ruwa ya hau dakalin rumfa, na ga buhunan gero sun tashi suna yawo a layi, mai su yana bin su yana salati. Wurin nan na san shi tun ana share filinsa, ko a idon sawu ruwa bai taɓa tsayawa ba, ga shi a gwiwata. A nan ne na tuna da soron Inna. Na bar ƙusa da igiya na faɗa cikin ruwan, babu babur babu mota, da ƙafa na nufi gida ina laluben hanya da bango.

Da na iso bayan gidanmu ban gane wurin ba. Babu kududdufi, babu lungu, babu lambatun da na yashe, ruwa ne shimfiɗe ja wur daga katanga zuwa katanga. Tsamiya tana tsaye a tsakiyarsa. Wallahi abin da na fara yi ke nan, kuma har gobe ina jin kunyarsa: ban nufi ɗakin ba, tsamiyar na nufa. Ruwa a ƙirjina, na tura hannu ƙasa ina shafa jikinta ina neman sarar Kaka, domin kaina ya ƙi ɗaukar abin da idona ke gani. Sai da na nutsa har kafaɗa sannan yatsana ya taɓa ta, can ƙasa. Na ɗago na juya wajen soron Inna, na ga babu soro. Ginin ƙasa ba ya faɗuwa kamar bulo, zama yake yi. Gindin ya narke, bango ya zauna, rufin da na ƙara wa kauri da hannuna ya sauko gaba ɗaya. Mutanen unguwa na kai suna tono da hannu, Malam Bitrus a cikinsu, tsoho da shi, yatsunsa duk jini. Sai bayan azahar muka fito da ita. A kan gadonta muka same ta, ta tattara kayanta a gefe don kada su jiƙe.

A zaman makoki ne maganar taurin kai ta fara. Wata ta ce ai an kira ta ta ƙi fitowa, wata ta ce Hure ke nan, ba a juya ta. Ina zaune ina karɓar gaisuwa, ina cewa Allah ya ba da lada. Malam Bitrus yana gefe kansa a ƙasa. Bayan an yi bakwai na same shi a gida, na ce ya faɗa mini abin da ya faru, kada ya rage komai. Ya ce da ya ga gwangwaninsa ya cika ya tumbatsa tun ruwa bai yi nisa ba, abin da bai taɓa gani ba tun da ya fara aikin, sai ya fito da gudu ya zagaya. Ruwa ya riga ya hau dutsen harsashin soron. Ya tsaya a bakin ƙofa yana roƙonta ta fito. Ɗakin mace ne, ba zai faɗa ya sungume ta ba, sai ya juya ya kira mahaifiyarku da matarsa su ɗauko ta. Kafin su iso ɗakin ya zauna.

"Mi ta ce maka?" na tambaye shi.

"Bar shi, Malam Sani."

"Don girman Allah ka hwaɗa mani."

"Cewa ta yi, Malam Bitrus koma gida kar sanyi ya kama ka. Sani ya ce in hau gado in zauna."

Bai taɓa faɗa wa kowa ba, har ya koma garinsu, har labarin rasuwarsa ya zo mana. Ya rufa mini asiri, ni kuma na bar yayata da sunan mai taurin kai.

Na yi imani kwananta ne ya ƙare, ba na jayayya da hukuncin Ubangiji. Amma wannan bai wanke bakina ba. Abin da kuma ya hana ni sukuni har yau, bayan ita, shi ne maganar da na yi wa dariya. Na tashi na san ɗan Adam yana iya kashe gona, yana iya ƙafar da rijiya, yana iya cinye daji. Ban taɓa kawowa a raina cewa hannunsa zai kai sama ba, har ya rikita damina da bazara. Yaya ba ta taɓa hawa jirgi ba, ba ta da mota, ko janareto ba ta mallaka ba. Hayaƙin da aka tara a garuruwan da ba ta san sunansu ba ya biyo ta har soron Inna, zafinsa ya kore ta daga ɗaki ɗaya, ruwansa ya same ta a ɗaya. Ni ma da nawa hannun a ciki, giginya nawa na sa aka kayar, rami nawa na cike na ɗora gida. Wannan abu tsoro yake ba ni, tsoro na gaske, kuma ku da 'ya'yanku nake ji wa.

Bayan arba'in na ɗauki gizagon Baba na tafi gindin tsamiya, domin al'ada ta ce babban magini ya yi sara. Shatin ruwan yana nan a jikinta, daidai ƙirjina. Na sara. Na ce a raina to, ga sabon ma'auni, na baya su kiyaye. Damina biyu kawai aka yi, ruwa ya wuce sarata da taƙi guda. Ta Kaka ta yi zamanin mutum uku tana tsaye. Ran nan ban ɗauki gizago ba, na tsaya ne kawai ina kallo. Daga nan na ajiye gini. Shi ya sa na hana a sake tayar da ɗaki a ƙarshen gidan nan, kuka yi ta fushi kuna cewa na bar filin gado ya zama juji. Shi ya sa kuma duk wanda ya zo in ja masa awo daga tsamiya nake sallamarsa, har ana cewa tsufa ya sa ni rowar sani. Ba rowa ba ce. Tsamiyar ba ta yi ƙarya ba, labarin daminar da ta wuce take bayarwa, wadda ba za ta dawo ba.

Saboda haka ku gyara wa 'ya'yanku labarin. Ku ce Gwaggo Hure ta ji tsoro, ta nemi ta koma, ƙanenta ya hana ta. Ku ce sau ɗaya tak ta yarda da maganarsa a rayuwarta. Har yanzu in hadari ya haɗo, matan unguwa kan aiko su tambaye ni, wai Baba Magini, ruwan nan zai kawo nan? Amsa ɗaya nake ba su, kalma uku, wadda da na iya furta ta a bakin ƙofar soron Inna, da Yaya ba ta ajiye kwallarta ba.

Ban sani ba.